Shekarun da ba su da suna

A farkon watan Oktoba, idan aka koma makaranta bayan dogon hutun damina, malamin kwaleji yakan buɗe littafin kiran suna ya fara daga sama. A ajin farko kusan kowa na amsawa. A aji na biyu da na uku kuwa, sai ya kai kan wani suna ya ji shiru. Ya sake kira. Can daga bayan aji wata murya ta ce: "An yi mata aure." Idan namiji ne a ce: "Ya tafi cirani." Malam ya ja layi a kan sunan, ya wuce na gaba. Ba a yi rasuwa ba, ba a kuma kai ƙarar kowa ba. Amma wani lokaci na rayuwa ya yanke, kuma harshen da ɗalibai suka ba da amsa da shi ba shi da kalma guda da ke kiran wannan lokaci.

Faransanci yana da ita. Kalmar adolescent daga Latin ta fito, ma'anarta wanda yake cikin girma, kuma tushensu ɗaya da adulte, wato wanda ya gama girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa kalmar iyaka: daga shekara 10 zuwa 19. A kan wannan iyaka likitoci da masana halayyar ɗan Adam da malaman makaranta na ƙasashe da yawa suke haɗa kai, suna taro, suna musayar bincike. A 2016 mujallar likitoci ta The Lancet ta fitar da babban rahoton wani kwamitin masana kan lafiyar masu waɗannan shekaru, ta fitar da na biyu a 2025. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga jagora ga gwamnatoci. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a waɗannan shekaru ƙashi da ƙwaƙwalwa ke ci gaba da ginuwa, a cikinsu ɗabi'u ke kafuwa, kuma abin da aka kashe a kan yaro a lokacin zai amfane shi yanzu, ya amfane shi da girmansa, ya kuma amfani ƴaƴan da zai haifa. Ƙasa irin Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, ba ta da dalilin toshe kunne.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka miƙa wa tafinta takardar aka ce ya mai da ita Hausa. Yaro da yarinya sun yi ƙanƙanta. Matashi ya yi faɗi, don mai shekara talatin da biyar ma yana amsa sunan. Baligi ma'aunin jiki ne da na wajibcin ibada, kuma yana nuna ƙofa ne, ba ya nuna tsawon zauren. Saura saurayi da budurwa, waɗanda suka fi kusa. To amma budurci a ranar ɗaurin aure yake ƙarewa, ko da amarya shekararta goma sha uku. Washegari matar aure ce, baɗi uwa ce, ana gaishe ta da gaisuwar manya. A jadawalin masana na Janeba kuwa, tana nan cikin layin adolescents har nan da shekara shida. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kafin su cika 15, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi yawa. Ke nan, sau da yawa, idan baƙon masani da ma'aikaciyar jinya ta gari suka zauna a ɗakin taro guda suna faɗin kalma guda, ba mutum ɗaya suke gani ba.

Akwai masu cewa tunda Hausa ba ta da kalmar, to abin ma baƙo ne, an shigo da shi tare da motocin ƙungiyoyi. Bai kamata a yi wa wannan magana dariya ba, domin ba daga iska ta fito ba. Jama'a sun lura cewa baƙi sun fi damuwa da yawan haihuwa fiye da rashin ruwan sha. Ba a manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, shari'a ta yi shekaru. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Wannan zargi na cikin abin da ya sa majalisar dokokin Nijar ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006.

Sai dai maganar ta yi tuntuɓe da tarihin Hausawa kansu. Al'ummar da ta naɗa sarkin samari, ta keɓe dandali don wasan dare, ta tsara gayya, ta san sarai cewa akwai wani zango tsakanin yarinta da girma, mai haƙƙoƙinsa da ladubbansa. Samariya ta girmi kowace hukumar duniya, kuma da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974, ba daga waje ta aro ta ba. Abin da ya bambanta shi ne tsawon zangon, da wanda ake bari ya more shi. Na saurayi yakan kai shekaru goma. Na budurwa wani lokaci damina biyu ne.

Ta kuma yi tuntuɓe da jiki, wanda bai san ƙamus ba. Idan naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, kan jariri ya tokare da ƙashin ƙugu, naman da ke tsakani yakan rasa jini ya mutu, ya bar kafa tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Shi ne yoyon fitsari. Gaskiya ce cewa ƙarancin shekaru ba shi kaɗai ke jawo shi ba: nisan asibiti, rashin mota, da jiran izinin maigida duk suna da hannu, kuma babbar mace ma yana samun ta idan ba a yi mata tiyata a kan lokaci ba. Amma duk wanda ya shiga ɗakin masu wannan ciwo ya ga yawan fuskokin ƴan haihuwar fari. Ita ce aka koya wa cewa kuka a naƙudar fari abin kunya ne, sai ta danne, har lokaci ya wuce. Jaririn galibi ba ya zuwa da rai, mijin galibi ba ya jira.

A wannan fage ne haɗin kan masana ya nuna fuskarsa mafi kyau. Likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya zauna a asibitin Babbar Ruga na Katsina tun shekarun 1980, ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma koyar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa, har da na Nijar. A 2012 aka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a Danja, kusa da Maraɗi. Haka nan allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a da yawa a Burkina Faso da Mali da Nijar a watan Disamba na 2010, ga masu shekara 1 zuwa 29. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka jagoranci aikin, wani kamfanin Indiya ya haɗa maganin. Abin lura shi ne, jami'an lafiya na Afirka ne suka faɗi tun farko cewa allurar da ta wuce rabin dalar Amurka ba za ta sayu ba, aka kuwa bi maganarsu. Nau'in sanƙarau na A, wanda ya saba cika asibitoci duk bazara, ya kusa ɓacewa. Da wani nau'in ya ɓarke a 2015 har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki, an ga cewa aikin bai ƙare ba, amma babu mai hankalin da ya ce da ma ba a fara ba.

Irin wannan nasara ce ke ruɗar masana. Allura sau ɗaya take shiga dantse, kuma dantsen ɗan Tawa da na ɗan Bamako iri ɗaya ne. Wuƙar tiyata ma haka. Amma mafi yawan abin da ke damun mai shekara goma sha biyar ba a warkar da shi da huda guda, kuma a nan ne tambayar adalci take: wa ke ba da shawara, wa ke ɗaukar abin da ya biyo baya?

A ɗauki misalin sirri. Ƙa'idojin duniya sun ce ma'aikacin lafiya ya riƙe sirrin yaro ko yarinyar da ta zo wurinsa, don idan ba ta amince ba, ba za ta zo ba, sai ta tafi wurin mai tallan magani a kasuwa. Hujja ce ta gaskiya. Ga kuma ma'aikaciyar jinya a gidan likita na ƙauye, yarinya ta shigo da ciki ba aure, ko amarya ƴar shekara goma sha shida mai goyo ta roƙi maganin hutun haihuwa ba da sanin mijinta ba. Wanda ya rubuta ƙa'idar ya hau jirgi ya koma gida. Ita ma'aikaciyar a garin take kwana, rijiya ɗaya suke ɗiba da uwar yarinyar, kuma idan magana ta fasu ƙofarta za a buga. Ba daidai ba ne wanda ba zai sha zafin hukunci ba ya zama shi kaɗai ke tsara shi.

Ba wai riƙe sirri baƙon abu ne ga Bahaushe ba. Da wuya a sami addu'ar da ake yawaita yi kamar roƙon rufin asiri. Sai dai asirin da aka saba rufewa na gida ne, kuma sau da yawa ana rufe shi ne da yarinyar kanta: a gaggauta aurar da ita, ko a tura ta wani gari. Ƙa'idar baƙi ta ce asirin nata ne ita kaɗai. Ma'aikaciya mai basira ba ta bin ɗayansu ido rufe. Ta san wace gwaggo ce za a iya gaya wa, wane kawu ne bai kamata ya ji ba, wane limami ne zai yi magana da uban cikin taushi, da ranar da ya fi kyau a yi shiru. Wannan ilimi ne na sana'a, daidai da na mai digiri, an tara shi cikin shekaru da kura-kurai masu ciwo. Duk da haka, idan aka kira ta taron ƙara wa juna sani a babban birni, a kujerar wadda za a horar take zama. Sunan taron na cewa juna, amma sanin hanya ɗaya yake bi.

Makarantun mazaje, waɗanda asusun UNFPA da hukumomin lafiya suka fara a jihar Damagaram a 2008, sun nuna abin da saurare ke haifarwa. Bincike ya gano cewa izinin miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa asibiti, sai aka tara magidanta da ake ganin girmansu suna zama suna tattaunawa da ma'aikatan lafiya, su kuma ja hankalin ƴan'uwansu. Tsarin ya karɓu har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Amma yana da tsada ta ɓoye: ta hannun ikon miji ake bi, don haka ikon yana ƙara zama daram. Ƙaramar amarya ta sami zuwa awo, wanda ba ƙaramin abu ba ne, sai dai har yanzu a kanta ake magana, ba da ita ba.

Samarin kuwa kusan an bar su a bakin titi. Kuɗin agaji mahaifa yake bi, shi ya sa ɗan shekara goma sha shida da ke kwana a fada yana haɗiyar taramol, ko wanda ya bi motar masu neman zinariya zuwa Jado bayan 2014, ba kasafai yake shiga jadawalin kowa ba.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada komai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wasu masu ba da agaji sun dakatar da kuɗinsu, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Aikin da aka jingina a kan kuɗin zama da man mota, tsayawar kuɗi ita ce tsayawarsa. Abin da ya shiga hannun mutane kuwa, kamar ɗinkin da likita ya koya ko ilimin ungozoma, babu mai janye shi ta wasiƙa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wane irin haɗin kai ya cancanci a nema idan ƙofofi suka sake buɗewa. Amma gwajin ya faɗa kan ɗaya ɓangaren ma. Masu cewa a bar wa ƴan ƙasa sha'anin ƴaƴansu, ga shi an bar musu da yawa daga ciki. Wanda ya kori baƙon likita da hujjar cewa yarinyar amanarsa ce, ya ɗauki alkawarin da za a tambaye shi a kai.

Ba kuma daga Janeba dokar watan Disamba ta 2017 kan kare ɗaliba mace ta fito ba. Gwamnatin Nijar ce ta sa mata hannu, kuma ita da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun ba wadda ta yi aure ko ta ɗauki ciki damar ci gaba da karatu. Malamin da ya ja layi a kan suna a watan Oktoba yana iya tambayar unguwar da aka kai amarya. Idan ya je, zai tarar da mijin ko uban mijin a ƙofar gida bayan la'asar, za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a yi gaisuwa mai tsawo kan gajiya da amfanin gona. Yarinyar tana ciki, tana jin muryar malaminta ta bayan zana, kuma kunya ba za ta bar ta ta fito ba sai an kira ta.