HOTO MA AMANA NE

 Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da muka raina, alhali yana iya rufa wa mutum asiri, yana kuma iya tona masa. Wato ɗaukar hoto.

A da can hoto abu ne mai daraja. Sai da salla ko biki ake kiran mai hoto, a yi wanka, a ci ado, a tsaya gaban labule, ya ɗauka ya tafi, bayan kwanaki ya wanko ya kawo. Ba wanda ake ɗauka sai da saninsa. Dubi hotunan Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah da aka haifa a 1910, waɗanda har gobe suke rataye a ɗakuna da shaguna, da rawaninsa da kwarjininsa. Yau kuwa waya ta shiga hannun kowa, har yarinyar da ba ta iya ɗaura zane ba ta iya dannawa ta tura.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila akwai masu ɗaukar hoto don sha'awa kawai. Wasu su tafi bakin teku su jira jiragen ruwan yaƙi, wasu su wuni kusa da filin jirgi suna dakon jiragen saman soja. Wasu kuma, abin mamaki, gidajen da ake tara karnukan da ba su da mai su suke zuwa. Sai a wanke kare, a taje masa gashi, mai hoton ya durƙusa daidai tsayinsa, ya yi ta haƙuri har karen ya saki jiki, sannan ya ɗauka. Dalili shi ne, in hoton ya yi kyau wani zai gani ya zo ya ɗauke shi ya riƙe, don a wasu gidajen karen da ya daɗe ba a nema ba kashe shi ake yi. Na san za ki ce Turawa dai ba su rasa abin yi. To amma ki lura da abu guda: hoton nan don amfanin karen aka ɗauke shi. Mu ma ai mun san labarin matar da Allah Ya gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. In har dabba ta samu wannan kulawa a gaban kyamara, ina ga ɗan Adam da Allah Ya karrama?

Mu dawo gida. Mutanen gabashin Sakkwato sun ga tashin hankali. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Tabanni a ƙasar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwararo garin Gandi. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu. A watan Agusta na 2025 kuma jirgin ruwa ya kife da 'yan kasuwa a hanyarsu ta zuwa wannan kasuwa. A irin waɗannan ranaku, kafin a gama wankan gawa, hotuna sun gama zagaya wayoyi. Ga gawa ba lulluɓi, ga uwa tana birgima a ƙasa ɗankwali ya faɗi, ga yaro tsirara da ƙoƙon bara. Wa ya nemi izininsu? Matar nan da kika tura hotonta wataƙila ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da mayafi. Musiba ce ta fito da ita, mu kuma muka ƙara mata da tallata ta ga duniya. Kuma abin da ya shiga intanet ya zama zuban ruwa a ƙasa, ba ya kwasuwa. Marayan nan zai girma, wata rana ya ci karo da hoton gawar ubansa a wayar abokinsa.

Wata za ta ce, to in ba a nuna ba, yaya za a yi a san halin da ake ciki har a kawo agaji? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sau da yawa hoto ne ke tashin hukuma daga barci, shi ne kuma shaidar talaka in an ce ƙarya yake yi. A 1993 wani mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, Kevin Carter, ya ɗauki hoton wani ƙaramin yaro da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan, ga ungulu a bayansa tana jira. Hoton ya girgiza duniya, ya ja hankalin mutane ga yunwar da ake yi a can, ya kuma samo masa babbar lambar yabo a 1994. Amma jama'a suka yi ta tambaya: bayan da ka ɗauka, me ka yi wa yaron? Kin ga ke nan ko hoton da ya yi amfani bai kuɓuta daga wannan tambaya ba. Saboda haka ana iya nuna ɓarna ba tare da an ci zarafin wanda ta faɗa wa ba. A ɗauki rumbun da aka ƙone, da rumfunan da aka watse, da gonar shinkafar Wurno in ambaliya ta shanye ta. In kuwa fuskar mutum ce, a tambaye shi, ya kimtsa, ya yarda.

Sai maganar jirage da sojoji. In jirgin yaƙi ya ratsa sama, ko motocin soja suka bi ta gari, yara da manya sai a zaro waya, a ɗauka, a rubuta ga su nan sun nufi wuri kaza. 'Yar uwa, ba ke kaɗai ke da waya ba, na cikin daji ma suna da ita. Kada mu manta, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Goronyo da Rabah, don a toshe hanyar da labari ke kai wa ɓarayin daji. Tun 1962 ma akwai dokar ƙasa da ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro da nufin cutar da ƙasa. Sojan da ke cikin motar nan ɗan wata ne, mijin wata ne. Ke kina neman a ce ke kika fara gani, shi kuma ransa ne a kan siraɗi. Baki shi ke yanka wuya, yanzu kuwa yatsa ya karɓi aikin baki.

Ba cewa nake ki jefar da waya ba. Ɗauki hoton jaririnki, da tuwon da kika tuƙa, da faɗuwar rana a madatsar ruwa ta Goronyo. Amma in hoton wani ne, kafin ki danna ko ki tura, tambayi zuciyarki: shin ya sani? Zai amfane shi ko zai cuce shi? Da ni ce a ciki, ko mahaifiyata, zan so a gani? In zuciya ta yi miki nauyi, to goge shi. In wata ta turo miki, kada ki zama tsanin da zai wuce ta kanki. Ki kuma koya wa 'ya'yanki haka tun suna ƙanana, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu. Amin.