Wanda Ya Hana, Akwai Bashi A Wuyansa

  

Ya ƴan'uwa Musulmi, a ranar 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin da ita da kanta ta yanke a 1973, wanda ya bai wa mace ikon zubar da ciki a duk faɗin ƙasar. Abin da alƙalai bakwai cikin tara suka ƙulla, biyar cikin tara suka kwance, maganar ta koma hannun jihohi. Fiye da jihohi goma suka haramta. Waɗanda ke ganin an ƙwace musu hakki suka nufi akwatin zaɓe, suka yi rinjaye a jihar Kansas a 2022, da ta Ohayo a 2023. Faransa kuwa, da ta ga gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai ta shafa wa nata ruwa: a Maris 2024 ƴan majalisarta 780 suka sa ƴancin zubar da ciki cikin tsarin mulki, 72 suka ƙi.

Da yawa daga cikinmu mun ji labarin a rediyo, muka ce ai mu mun riga su. Gaskiya ne. A Yuni 2006 Majalisar Dokoki a Yamai ta ƙi amincewa da Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda sashenta na 14 ya buɗe ƙofar zubar da ciki saboda fyaɗe da wasu dalilai, kuma ƙungiyoyin addinin Musulunci na kan gaba wajen ƙin. Ma'aunin Musulmi ba ya bin yawan ƙuri'a. Malikawa, mazhabar da muka tashi a kanta, sun fi kowa tsanantawa. Shaihu Dardiri ya hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko bai kai kwana arba'in ba, bayan busa rai kuwa malamai sun haɗu a kan haramci. Duk wanda ya karanci Risala a zaure ya san an yanka wa ɗan tayi diyya tasa, dinari hamsin.

To amma tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce: al'ummar da ta ce wa mace kada ta taɓa abin da ke cikinta, mene ne ya hau kanta game da wannan mace?

Mu duba yarinyar da aka yi wa ciki ba aure a ƙauyukanmu na ƙasar Dogo. Wanda ya yi mata yana nan, yana cin kasuwarsa, wata rana ma a sahun gaba. Ita ce ke kwana da tsoron uba, da habaicin mata a bakin rijiya, da waƙar yara. Idan dare ya yi mata tsawo sai ta nemi boka, ko mai tallan magani a kasuwa, ta haɗiyi abin da ba ta san sunansa ba. Wani sa'in uwarta ce ma ke kai ta, don gudun abin kunya. Doka ta hana, malam ya hana, amma bakin jama'a ya fi su ƙarfi, shi ne ke tura ta. Ashe ke nan mai yi da ita yana da kaso a cikin jinin da ya zuba. Ku tuna matar nan Bagamidiya da ta zo wa Manzon Allah (SAW) da cikin zina. Bai bari an taɓa ta ba sai da ta haihu, ta yaye, sannan ya danƙa yaron hannun wani Musulmi ya riƙe. Mu a nan, wa zai karɓi irin wannan yaro ya yanka masa ragon suna? Shekara ashirin bayan nan, wa zai ba shi ƴa?

Akwai kuma matar aure da ciki ya zame wa barazana. A nan jahilci ya fi yi mana ɓarna. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1990, ta yarda a cire ciki ko bayan kwana 120 idan amintattun likitoci sun tabbatar barinsa zai halaka uwar. Dokar lafiyar haihuwa ta ƙasarmu, wadda aka yi a wannan wata na Yuni 2006 da aka ƙi Maputo, ita ma ta yarda da haka idan likitoci suka yanke shawara. Ƙin nan mun yi masa shela a kan mumbari. Wannan rangwamen kuwa, limamai nawa suka taɓa karanta wa maza shi? Sai ka ga jini ya ɓalle wa mace tun azahar, miji na cewa a dakata tukuna, a sha rubutu, a jira baba ya dawo gona. Rubutu ba laifi ba ne, jinkirin ne laifi. Kafin a ɗaura amalanke a fito bakin titi a tare motar Damagaram, rai ya yi halinsa, a ce ƙarar kwana.

Ɗan siyasa, a can da nan, ya iya ɗaga hannu a majalisa don ya sami ƙuri'ar masallaci, domin ɗaga hannu ba ya cin ko dala. Idan ya dawo neman wani zagaye, mu tambaye shi ungozoma nawa aka ƙaro a ƙananan asibitocinmu, da motar ɗaukar maras lafiya, da ajiyar jini. Kwamitin masallaci kuma, yadda yake tara kuɗin tabarmi da lasifika, ba zai gaza ware wani abu a hannun amintacce ba, don kuɗin motar mai naƙuda da tsakar dare. Wannan maganar a kawo ta zaman kwamiti na bayan Juma'a, kuma a aika wa malamar islamiyyar mata ta faɗi nata.