Mace Tana Zubar Da Jini A Ɗaki, Mu Kuma Muna Tsoron Bakin Mutane



'Yan uwa, yau zan taɓo maganar da ba a son yi a fili: zubar da ciki, da abin da ke faruwa da mace bayan an zubar.

Mu fara da hukunci, don kada wani ya ce Malam ya buɗe ƙofa. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, maganar da aka dogara a kanta ita ce ba ya halatta a fitar da ciki tun daga lokacin da ya zauna a mahaifa, ko da bai kai kwana 40 ba. Wasu malaman, musamman na Hanafiyya, sun sassauta kafin kwana 120 idan akwai uzuri karɓaɓɓe, saboda hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna bayan kwana arba'in sau uku ake busa rai. Idan an busa rai kuwa, babu saɓani kan haramci, sai fa in amintattun likitoci sun tabbatar barin cikin zai kashe uwar. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta tafi a kan haka a zamanta na 1990. Dokar Najeriya ma kusan nan ta tsaya: a Arewa, wanda ya zubar wa mace ciki ba don ceton ranta ba yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14.

To, wannan hukunci ne kafin a aikata. Amma idan an riga an aikata fa? Yarinya ta je wajen wani mai kemis a lungu, ko ta sha haɗe-haɗen da ƙawa ta kawo mata, yanzu ga ta a kwance jini ya ƙi tsayawa. Mene ne hukuncin uwarta da ubanta da mijinta a wannan daren?

Hukuncinsu ɗaya ne: wajibi ne su kai ta asibiti, a daren, ba sai gari ya waye ba. Laifin da ta yi tsakaninta ne da Ubangijinta, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Amma ranta bai zama halal ba don ta yi zunubi. Uban da ya kulle ƙofa yana cewa "gara ta mutu da ta ja min abin kunya", wallahi ya ɗauko wa kansa nauyin da ya fi nata. Allah ba zai tambaye shi me 'yan unguwa suka ce ba. Zai tambaye shi ran da aka ba shi amana.

Ku tuna matar nan Bagamidiya da Muslim ya kawo labarinta. Ta zo da kanta ta ce ta yi zina, ga ciki. Annabi (SAW) ya mayar da ita har ta haihu, ya sake mayar da ita har ta yaye. Da Khalid bin Walid ya zage ta, Annabi ya tsawatar masa, ya yaba girman tubarta, kuma ya yi mata salla. Shugaban al'umma ke nan, mai ikon zartar da haddi. Kai da ba alƙali ba, ba sarki ba, wa ya ba ka ikon yanke wa 'yarka hukuncin kisa ta hanyar hana ta magani?

Abin da ke kashe mata a nan ba ɓoyayye ba ne. Ko dai jini ya ƙare, ko ragowar cikin ya tsaya a mahaifa ya ruɓe cuta ta shiga jini, ko kuma wanda bai san aikin ba ya huda mahaifar da ƙarfe. In kun ga jini yana jiƙa ƙunzugu bayan ƙunzugu, ko zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ko ruwa mai wari yana fita, ko ciwon mara mai tsanani, ko jiri da suma, to lokacin jiƙo da rubutu kaɗai ya wuce. A yi addu'a a cikin mota, a kan hanya. A asibiti za a yi mata wankin ciki, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ƙara mata jini in da buƙata. Wannan kulawa doka ba ta hana ta ba, ceton rai ce. Wadda aka makara da ita, in ta rayu ma, wata sai an cire mahaifar, ta rabu da haihuwa har abada.

Kuma ku daina zaton duk 'yan mata ne. Akwai matan aure, da yawa. Mace tana goyon ɗan wata biyar sai ga wani ciki, tana tsoron a ce ta yi kwanika, jikinta bai koma ba, miji ya ce shi ba ruwansa. Ina da ma ya zauna da ita tun farko sun yi shawarar tazara? Jabir ya ba da labarin sahabbai suna yin azalu a zamanin Annabi (SAW) kuma ba a hana su ba, a kansa malamai suka gina halaccin tazarar haihuwa da yardar ma'aurata. Hana ciki shiga daban, fitar da shi daban. Mai haɗa su a kwando ɗaya shi ne yake tura mata wajen mai kemis bai sani ba.

Akwai kuma wadda ɓari ne ya same ta daga Allah, ba ta taɓa komai ba, amma tana tsoron zuwa asibiti kada a yi mata kallon mai zubar da ciki. Ma'aikatan jinya, ku ji tsoron Allah a kan wannan. Mace ta zo muku tana jini, a fara da tsayar da jinin. Gori da tambayar "ina mijinki" ba aikinku ba ne, yaɗa sirrinta a unguwa kuwa ha'inci ne. Wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa nasa.

Sai namijin da ya yi cikin. Shi ne sau da yawa yake ba da kuɗin, shi ya san gidan da ake yi, sannan ya kashe waya. Ana jana'izarta yana sahun gaba a masallaci. Ya sani yana da kaso a cikin jinin nan guda biyu, kuma tubarsa ba ta cika da istigfari a baki kawai.

Magidanta, wata magana ta ƙarshe gare ku. Da yawanmu mace ba ta fita sai da izini, kuma kai kana kasuwa ko kana tafiya. Ka faɗa wa iyalinka tun yau, a gaban mahaifiyarka in tana gidan: duk ranar da jini ya ɓalle wa mai ciki ko mai jego, a tafi asibiti, ba sai an same ni a waya ba. Ka ajiye kuɗin mota a inda ta sani, ka kuma riƙe lambar maƙwabci mai abin hawa.

Wallahu a'alam.