Iyakar Linzami: Haƙƙin Duƙushi a Kan Mai Horonsa a Ƙasar Garwa

Duk dokin da ya iya tsayawa cak a gaban Lamiɗon Garwa ranar hawan salla, bayan ya taso a sukwane daga ƙarshen fili, ya bi ta hannun mai horo tun yana duƙushi, wato ɗan dokin da bai isa hawa ba, kuma abin da ya gudana tsakaninsu a barga da filin kilisa shi ne sashen sha'anin doki da ba a cika tattaunawa a kansa ba, alhali a nan ne nauyin addini ya fi yawa. Mai horo yana karɓar dabbar da Allah ya halitta da son garke da gudun duk abin da ya dira a bayanta, ya raba ta da uwarta, ya ɗaure ta a turke, ya sa mata ƙarfe a baki, har ta wayi gari tana zuwa inda ba ta yi niyya ba, tana tsayawa a lokacin da jikinta yake neman gudu. Da wane izini ɗan Adam yake yin haka, kuma idan izinin ya tabbata, a ina ya ƙare?

Asalin izinin ba abin jayayya ba ne a wurin Musulmi. Malamai suna kiran sa taskhiri, wato hore wa ɗan Adam wasu halittu da Allah ya yi domin amfaninsa, kuma Suratun Nahli ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna tare da amfaninsu biyu, hawa da ado, yayin da Suratul Anfali ta sanya tanadin dawaki cikin shirin tsaron al'umma. Sai dai mallakar da shari'a ta ba mutum a kan dabba tana tafe da nauyi, domin Izzuddin ɗan Abdussalam, malamin da ya rasu a Masar a 1262, ya lissafa haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, daga ciki har da ciyar da ita ko da ta tsufa ta daina amfani, da kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Muslim ya ruwaito hani a kan dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, Abu Dawuda kuma ya ruwaito hani a kan mayar da bayanta wurin zama ana ta hira ba tare da bukata ba. Abin da waɗannan nassoshi suka haɗu a kai shi ne, wahalar da aka halatta a ɗora wa dabba tana da ma'auni, kuma ma'aunin shi ne girman bukatar da ta sa aka ɗora ta.

Wannan ma'auni ne ya sa tarihin doki a arewacin Kamaru ya shiga cikin mas'alar. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, ya kafa daular Fombina wadda Yola ta zama babban birninta a 1841, ƙarfin sarakunan Garwa da Marwa da Rai Buba da Ngaundare ya rataya ne a kan yawan dawakinsu. Kwarin Binuwai kuwa bai taɓa yi wa manyan dawaki daɗin zama ba, saboda ƙudan tsando da yake ɗauke da cutar sammore, don haka ana kawo da yawansu daga Barno da ƙasashen arewa da tsada, ba su kuma cika daɗewa ba idan an yi kudu da su. Dokin da aka saya da tsada, wanda kwanansa ba su da tabbas, dole a hore shi da gaggawa, kuma barden da yake ɗauke da nauyin lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayi don tare kibiya, rayuwarsa tana hannun dabbar da za ta juya ko ta tsaya nan take. Wannan bukata ce ta tabbatar da linzamin gargajiya mai harshe da zobe, wanda harshensa yake danna ganɗa, zobensa kuma ya matse haɓa, har ƙaramin fizge ya isa ya durƙusar da ingarma a kan ƙafafunsa na baya. Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba dukan hawan wancan zamani ne na tsaro ko addini ba, domin dawakin nan sun yi aiki a hare-haren kamun bayi a kan Fali da mazauna duwatsun Mandara, kuma tun jihadi yana ɗanye Abdullahi Ɗanfodiyo ya koka a littafinsa Tazyinul Waraƙat da mutanen da suka mai da hankali ga tara dawakin taƙama a cikin gari.

Ko ma mene ne hukuncin wancan zamani, bukatar yaƙi ta ƙare a sarari. A 1901 Jamusawa suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu, sarkin Fombina, a Garwa, a farkon 1902 suka sake karya mahaya a kusa da Marwa, kuma bindiga mai ruwa ta nuna cewa lifidi da mashi sun gama aikinsu. Abin da ya rage wa doki shi ne ado a fada, da sukuwa, da tafiya tsakanin ƙauyuka, da noma. Amma linzamin yaƙi da ƙaimin yaƙi sun ci gaba da aiki bayan dalilinsu ya wuce, kuma mai kallon jafi, wato gaisuwar da mahaya suke yi wa sarki ta hanyar sukuwa da tsayawa farat ɗaya, yakan ga kumfar bakin wasu dawakin ta sauya launi zuwa ja. Malaman usulu, musamman Shaɗibi Bamalike wanda ya rasu a 1388, sun kasa maslaha gida uku: ta larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, da ta bukata, wadda rashinta yake jawo ƙunci, da ta kyautatawa, wadda take ƙawata rayuwa. Hawan salla halal ne, yana kuma ɗauke da tarihi da zumuncin da bai kamata a raina ba, sai dai matsayinsa na uku ne, kuma ba daidai ba ne maslahar ƙawa ta ci gaba da karɓar kuɗin jinin da aka taɓa biya domin ceton rai.

Masu kare tsananin horo suna da hujja mai nauyi, kuma ba a kawar da ita da tausayin baki. Suna cewa doki dabba ce mai ƙarfi, wadda harbinta ɗaya yake iya kashe yaro, kuma duƙushin da aka bari ya saba da cizo da tutsu zai zama bala'i ga gidan da yake ciki, ƙarshensa ma ya fi shan duka a hannun wanda ya saye shi, saboda haka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, har ma ana iya cewa horo yana cikin haƙƙin duƙushi, domin dokin da ya yarda a kama ƙafarsa a yanke masa kofato, a duba bakinsa, a yi masa allura, ya fi wanda ba a taɓuwa tsawon rai da kwanciyar hankali. Inda maganar ta kauce shi ne wurin ɗaukar cewa horo da azaba abu ɗaya ne. Goɗiya tana ɗaukar ciki kimanin wata 11, ɗanta yana miƙewa cikin sa'a ɗaya ko biyu da haihuwa, shirye da gudu, domin asalinsa abin farauta ne wanda idanunsa suke gefen kai don hango haɗari, kuma mafi yawan abin da ake kira taurin kai a wurinsa tsoro ne. Yana koyo ne daga sassaucin da ya biyo bayan matsi, wato idan an ja ragama ya tako, aka saki nan take, ya gane abin da ake nufi. Bulalar da ta sauka bayan laifin ya wuce kuwa ba ta koya masa kome sai gudun hannun mutum. Zinofon, Bagirken da ya rubuta littafi a kan hawan doki a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya gargaɗi mahayi da kada ya tunkari doki cikin fushi, kuma ya nuna cewa dukan dokin da ya firgita da wani abu ƙara masa tsoron abin yake yi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja da doki a cikin Ihya'u Ulumiddin lokacin da yake raddi ga masu cewa hali ba ya sauyuwa, inda ya nuna cewa idan ana iya mayar da doki mai tutsu ya zama mai biyayya, to zuciyar mutum ta fi cancantar karɓar gyara. Muhimmin abu shi ne yadda ya fayyace manufar gyaran, domin a wurinsa ba a neman tumɓuke fushi da sha'awa daga tushe, ana neman daidaita su ne har su bi umarnin hankali. Idan aka mayar da wannan ma'auni ga dabbar da aka aro misalin daga gare ta, sai a ga dokin da aka kashe wa zuciya da duka, wanda bakinsa ya mutu har ba ya jin linzami sai an fizga da ƙarfi, bai horu ba ko da yana bin umarni, domin an ɓata abin da aka ba da amanar a gyara. Akwai kuma shaida daga cikin ƙasar kanta cewa ana iya sarrafa doki ba da ƙarfe mai kaifi ba: mutanen Musey na yankin kogin Logon, a kan iyakar Kamaru da Cadi, sun daɗe suna kiwon ƙuru, wato gajeren doki mai jure wa sammore, suna kuma hawansa a farauta da tsere babu sirdi.

Mas'alar ta fi wuya a gona fiye da a fada. Tun da aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974, mai hedkwata a Garwa, noma da garma ya yaɗu a arewacin ƙasar, galibi da shanu, amma jaki da doki ma sun shiga aikin huɗa da jan amalanke. Manomin da ya ciyar da duƙushi harawa da dusa da kanwa shekara biyu, ga damina ta tsaya, ga bashin taki a wuyansa, bukatarsa ta gaske ce, kuma ba za a auna shi da ma'aunin mai neman a yaba masa ranar salla ba. Duk da haka jikin dabbar yana da nasa lokaci da ba ya gaggawa don talaucin mai shi. Haƙoran nono suna fara faɗuwa ne wajen shekara biyu da rabi, baki ba ya cika sai kusan shekara biyar, ƙasusuwan gadon baya kuwa su ne na ƙarshe wajen ƙosawa, saboda haka sabawa da ragama da taɓi da ɗaurin majayi da sirdi mara mahayi aikin shekarun farko ne, aiki mai nauyi kuma sai daga baya, a hankali, tare da kauce wa tsakar rana a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40. A nan haƙƙin dabba da maslahar mai ita sun dace, domin dokin da aka ɗora wa garma yana da shekara biyu yakan gurgunce a shekarun da ya kamata a ce ƙarfinsa ya kai matuƙa.

Ragowar tambayar ita ce wanda za a tuhuma. A al'adar fada akwai shamaki mai kula da barga, akwai 'yan barga masu yankan ciyawa da wanka da kilisa, kuma a kansu laifi yake sauka idan doki ya lalace, alhali fiƙihu ya ɗora ciyarwa da kulawa a kan mai mallaka. Wanda ya sayi duƙushi bayan ƙaramar salla ya ce lalle sai ya hau shi a babbar salla, wato cikin kwana 70 ko ƙasa da haka, shi ne ya zaɓi linzami mai kaifi ko da bai taɓa riƙe shi da hannunsa ba, domin wa'adin da ya yanka bai bar wa mai horo wata hanya ba. Haka kuma ingarman da yake kwana ya wuni a turke da dabaibayi, ba ya ganin fili sai ranar hawa, alhali an halicce shi ya yi kiwo yana tafe mafi yawan sa'o'in yini, ramarsa da cizonsa da ciwon cikinsa suna komawa ga wanda ya mallaki abin da ba shi da filin sakinsa ko lokacin kilisarsa.