Inuwar da Muka Sare

Bara muka gyara gidanmu na Kakuri. Muka sare mangwaron tsakar gida, muka malale ƙasa da siminti, muka rufe tagogi da gilashi don kada sanyin na'ura ya fice. Da bazara ta kama, wuta ta ɗauke, ɗaki ya koma tanderu. Kakata a waje ta kwana tana fifita.

Maginan dā sun san abin da muka raina: katangar tubali mai kauri da rufin soro kan riƙe zafin rana har dare ya raba. Kwano kuwa nan take yake sauke shi a kan mutum. Ga zafin sai ƙaruwa yake yi; a Afrilun 2024 ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na'urarmu tana fesa hucinta ne a tagar maƙwabcin da ko fanka bai mallaka ba. Shin sanyin da na saya da zufar wani ya halatta gare ni? Mangwaron nan bai taɓa ware wanda zai ba inuwa ba.

Bana na dasa darbejiya a jikin katanga, inda inuwarta za ta ratsa gida biyu.