Bar ta ta yi alwalarta da kanta



Kwanakin baya, bayan mun tashi daga karatun da muke yi tsakanin magariba da isha, wani bawan Allah ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ɗan kasuwa ne, Allah ya rufa masa asiri. Ya ce, "Malam, maganar Hajiya ce ta hana ni sukuni. Na gina gida, na ware mata ciki da falo da banɗakinta, na ɗauko mata yarinya mai yi mata komai, ko buta ba ta ɗagawa. Amma kullum maganarta ɗaya ce, wai a mayar da ita gidanta na cikin gari. In na ƙi, na saɓa mata?"

Na tambaye shi ina ɗakin yake. Ya ce a saman bene, don can ya fi iska da tsafta. Na ce banɗakin fa? Ya ce tayil ne mai sheƙi irin na yayi. Na ce yaya take alwala? Ya ce yarinyar ce take kawo ruwa da roba ta zuba mata. Na ce yaushe rabonta da saukowa tsakar gida? Sai ya yi shiru, can ya ce, "Ina jin tun ƙaramar salla."

Na ce masa, "Alhaji, Hajiya ba ta ƙi ka ba. Zaman da ba ta iya yin komai sai an yi mata, shi ne ya ishe ta."

Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ke nan yau. Wanne ne ya fi kusa da birrul walidaini: ka ɗauke wa tsohonka komai har ya zama sai kallo, ko ka gyara masa wuri yadda zai ci gaba da yin abin da yake iyawa da kansa?

A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Maɗaukaki ya haɗa kyautata wa iyaye da umarnin a bauta masa shi kaɗai, sannan ya keɓance lokacin tsufa da ambato, ya hana a nuna musu ƙosawa ko da mafi ƙanƙantar kalma, ya yi umarni da a yi musu magana ta karramawa. Yawancinmu mun riƙe ɓangaren baki, kuma madalla. Amma akwai wanda bai taɓa yi wa mahaifiyarsa tsaki ba, sai dai matakalar gidansa tana wulaƙanta ta kullum. Dattijuwar da ta haifi 'ya'ya tara, ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya shekara da shekaru, yau sai ta ƙwala wa yarinya 'yar shekara 14 kira kafin ta kama ruwa. Ciwon da wannan yake sa wa a zuciya, nama da lemo ba sa warkar da shi.

Ku duba yadda shari'a take yi da mai rauni. Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, yana fama da basir, ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da salla. Aka ce ya yi a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kan gefensa. Ba a sauke masa sallar ba, ba a kuma ce wani ya yi masa ba. Siffarta aka sassauta don ya ci gaba da yi da kansa. Itbanu ɗan Maliku, mutumin Madina, ganinsa ya yi rauni, ga kwari tsakaninsa da masallacin mutanensa, in an yi ruwa ba ya iya ƙetarewa. Ya roƙi Annabi (SAW) ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri don ya riƙe shi wurin sallarsa. Annabi (SAW) ya taka har gidan tare da Abubakar, ya tambaye shi inda yake so, shi Itbanu ne ya nuna wurin, aka yi raka'a biyu a nan. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa da Manzon Allah (SAW) ya manyanta, jikinsa ya yi nauyi, an kafa masa wani ginshiƙi a wurin sallarsa yana dogarawa a kai. To ashe kafa wa tsoho abin riƙewa a bango ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Mu kuwa yadda muke gini a yanzu, don idon baƙo muke yi, da gwiwar ɗan shekara 35. Ba ma tuna abin da Allah ya faɗa mana a Suratur Rum, aya ta 54, cewa daga rauni muka fara, aka ba mu ƙarfi, sannan rauni da furfura su biyo baya.

Bari in faɗi abin da ake ji wa tsoro a fili: faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 680,000 ne suke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi kashewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ido yana yin yana. Mai ciwon suga tafin ƙafarsa yakan daina jin ƙasa sosai. Wasu magungunan hawan jini suna sa jiri in mutum ya miƙe da sauri, wasu suna sa yawan fitsari, sai tsoho ya tashi sau uku ko huɗu cikin dare. Ƙashi kuma yana yin rauni, musamman na mata bayan al'ada ta ɗauke. Faɗuwar da yaro zai yi ya tashi yana dariya, ita ce za ta karya wa kakarsa ƙugu. Kowa a cikinmu ya san wani dattijo da yake zuwa masallaci da ƙafarsa, santsi ya kwashe shi sau ɗaya, daga nan aka shiga ɗori da jinya da gyambon kwanciya, bai ƙara takawa ba har aka yi masa sutura.

Ga wani aiki da nake ba kowa. Yau da dare, misalin ƙarfe huɗu, lokacin da iyayenmu suke tashi nafila, ka je ɗakin Baba ko na Inna, ka bi hanyar da suke bi daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kan darduma, ba tare da ka kunna fitila ba. Duk inda ka yi tuntuɓe ko ka laluba bango, to nan ne aikinka yake.

Fara da gado. In katifa ce a ƙasa, tashi daga kanta wahala ce ga mai ciwon gwiwa. In gadon ya yi tsawo, saukowa haɗari ne. Daidai shi ne ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa yana taɓa ƙasa. Ledar ɗaki da ta yage, kafet mai naɗaɗɗen baki, wayar caji da ta ratsa tsakiyar ɗaki, duk a kawar. Makunnin wuta ya zama kusa da hannu, kuma tunda kowa ya san halin wutar lantarki a ƙasar nan, a ajiye fitila mai caji ko ta sola a kan hanyar banɗaki, tocila kuma a ƙarƙashin matashi. Dokin ƙofa da muke ɗagawa saboda ruwan damina, a sa magini ya yi masa ɗan gangare. Tsakar gida a kankare gansakuka, a rufe kwata, a yi wa rijiya murfi.

Banɗaki shi ne babba. Tsuguno yana yi wa tsoho wuya, tashi daga tsugunon ya fi wuya. In da hali a sa masai na zama. In babu, kafinta ko mai walda zai yi kujera mai rami a ɗora a kan wanda ake da shi. A kafa bututun ƙarfe a bango, a kafa shi sosai yadda zai ɗauki nauyin mutum, don kar ya riƙa dafa kan famfo. Daɓe ya zama mai kaushi, siminti mara sheƙi ya fi tayil mai santsi sau dubu. Ƙofa ta riƙa buɗewa ta waje, sakatar kuma ta zama irin wadda za a iya buɗewa daga waje in ta kama, domin in mutum ya faɗi a bayan ƙofa mai buɗewa ta ciki, jikinsa ne zai tokare ta. A yi masa wurin zama na alwala mai ɗan tudu, da ƙaramar buta wadda hannunsa zai iya ɗagawa. Silifas ɗin da ƙasansa ya siɗe a canza shi. Da hunturu kuma, don Allah a daina kai wa tsofaffi gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Wanda yake gidan haya ko ba shi da ƙarfi kar ya ce wannan maganar masu kuɗi ce. Kujerar roba, tocila, sanda mai roba a gindi, da goge gansakuka, duka ba su kai kuɗin ɗinkin salla ba. Kuma an faɗa mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani. In haka ne ladan hanyar da baƙi suke bi, ina ga hanyar da mahaifiyarka take bi zuwa alwala?

Na san wani zai ce, "Malam, abin da Allah ya ƙaddara ai sai ya faru." Gaskiya ne. Amma kai da kake faɗin haka, kana kulle shagonka da kwaɗo biyu, ka kuma biya mai gadi. Mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ɗaure ta aka ce ya yi, sannan ya dogara ga Allah. Tawakkalin da ba ya tashi sai a kan lafiyar iyaye, a sake duba shi.

Wani kuma zai ce wannan tunanin Turawa ne, masu barin tsofaffinsu su kaɗai. A'a. Gyaran gida ba ya maye gurbin gaisuwar safe, ba ya maye gurbin zama a yi hira. Wanda ya kafa ƙarfe a bango don ya huta da zuwa, ya yi asara. Kuma akwai lokacin da gyara ba ya isa: in ɓarin jiki ya shanye, ko ruɗewar tsufa ta zo, to hidima da hannu ta zama dole, ɗa ya kula da tsiraicin uba, 'ya ta kula da na uwa gwargwadon iko. Nauyin a kanka yake kai da aka haifa. Matarka in ta yi, alheri ta yi, ka gode mata. Abin da nake cewa kawai, kar mu gaggauto wa iyayenmu wannan ranar da sunan gata. Ƙafar da aka hana tafiya mutuwa take yi, hannun da aka hana aiki shi ma haka. Ka bar ta ta tsinke zogalenta, ta ba kajinta dawa, ta zuba wa jikoki abinci.

Sai kuma a yi shawara da su. Kar ka kwaso magina ka rushe wa mahaifinka banɗaki yana zaune ba ka gaya masa ba, gidansa ne. Wani tsohon zai ƙi sanda don kar a ce ya tsufa. Lallaɓa shi za ka yi, ko ka sa amininsa ko limamin unguwa ya yi masa magana. Ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Abubakar ya jawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf ga makanta, ya kawo shi gaban Annabi (SAW). Annabi (SAW) ya nuna cewa da an bar dattijon a gidansa, shi da kansa zai je ya same shi. Tsoho da gidansa akwai wani abu a tsakaninsu. Ya san kowane lungu ko a cikin duhu, ga maƙwabtan shekara 40, ga masallacin da ya saba.

Masu gini yanzu, ku bar ɗaki ɗaya a ƙasa mai faffaɗar ƙofa da banɗaki a kusa. Yau na Baba ne. In Allah ya ja kwana, naka ne, kuma yaran da suke kallon yadda kake yi da iyayenka su ne za su yanke shawarar inda za a ajiye ka.

Shi wancan bawan Allah ya dawo bayan wasu makonni. Ya ce ya mayar da Hajiya gidanta. Kafin ta koma ya sa an sake daɓen banɗaki, an kafa ƙarfe, an rage dokin ƙofa, an sa fitilar sola, jikanta ɗaya yana kwana a zaure, shi kuma yana biyawa kullum kafin ya wuce kasuwa. Ya ce ran nan ya same ta a zaune a kan 'yar kujerarta tana alwalar walaha, ya miƙa hannu zai karɓi butar, ta ce, "Bari kawai, ɗan nan, ina iyawa. Allah ya yi maka albarka."

Allah ya gafarta wa iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya ba mu ikon kyautata musu, ya sa mu gama da su lafiya. Wallahu a'alam.