Man Fuska Tsakanin Halas da Amana

Yana daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa ɗan Adam, waɗanda bai cika lura da su ba saboda tsananin kusancinsu da shi, cewa ya sanya wa fatarsa wani maiƙo mai fitowa daga cikin jikinsa, wanda ke tsare ta daga bushewa da tsagewa. Kuma masana ilimin sinadarai, da suka bincika wannan maiƙo, sun tarar kimanin kashi 12 cikin 100 nasa wani mai ne da suke kira sikwalin. Amma ba a jikin mutum aka fara gane shi ba. Wani masani mutumin Japan, Mitsumaru Tsujimoto, shi ya tsamo shi daga hantar kifin shak, ya raɗa masa suna a 1916. Da yake ɗanyensa ba ya jimirin iska, nan da nan yake lalacewa, sai masu sana'a suka riƙa haɗa shi da haidirojin ya zama sikwalan, mai garai-garai, marar launi, marar wari, wanda fuska ke shanyewa ba tare da ya bar danƙo ba.

Wannan mai, da ake sayarwa yau cikin 'yan kwalabe masu tsada, ta hanya uku yake zuwa hannun mai shafawa. Akwai na hantar shak. Akwai wanda ake tsamowa daga abin da ya rage in an tace man zaitun. Akwai kuma wanda kamfanin Amyris na Kalifoniya ya shahara da shi, inda ake ciyar da wani yis da aka sarrafa da ruwan raken Barazil, ya fitar da abin da ake juyawa ya zama wannan mai. Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa shi ne, dukan ukun in an tace su sarai zatinsu ɗaya ne, fata ba ta iya rarrabe su, ido ma haka. To, mas'alar ita ce: idan abu biyu suka daidaita a zati da sifa da amfani, shin hanyar da kowannensu ya biyo tana da wani nauyi a ma'aunin shari'a da na hankali, ko kuwa tambaya ta ƙare da zarar an ce halas ne?

Ta fuskar tsarki da halasci babu wani ishkali. Shafa mai kansa sunna ce, domin an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shafa wa kansa da gemunsa mai, ya kuma kwaɗaitar da ci da shafa man zaitun, itaciyar da Alƙur'ani ya siffanta da albarka a Suratun Nur. A mazhabar Imamu Malik kuwa, dabbar ruwa halas ce mai tsarki, ko da mushe ce, saboda haka macen da ta shafa man hantar shak ta yi salla, sallarta ta inganta. Wanda aka samo ta hanyar yis kuma, tun da ba ya bugarwa, ba ya shiga hukuncin giya.

Sai dai malaman fiƙihu sun daɗe da koya mana cewa tsarkin zati daban, tsarkin hanya daban. Wanda ya ƙwace ruwan wani ya yi alwala, jamhurun malamai sun ce alwalarsa ta yi, domin ruwan mai tsarki ne mai tsarkakewa, amma zunubin ƙwacen yana wuyansa. Hambaliyya ma suka tsananta, suka ce alwalar kanta ba ta yi ba. Ba a ce kifin teku mallakar wani mutum ne da aka ƙwace ba, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashin mas'alar tana nan: tarihin abu yana bin sa har hannun mai amfani da shi. Ga kuwa tarihin man shak. Akasarin kifayen shak da ake tsamo shi daga hantarsu suna zaune ne a zurfin da hasken rana ba ya kaiwa, ba su da jakar iskar da yawancin kifaye ke da ita, sai Mahalicci ya ba su ƙatuwar hanta cike da mai marar nauyi don ta riƙe su kada su nutse. Suna shekaru masu yawa kafin su balaga, wasu jinsinsu kuma ɗa ɗaya ko biyu suke haifa bayan cikin da ke kusan shekara biyu. Halittar da ke hayayyafa da irin wannan jinkiri, in aka sa ta gaba da ƙugiya da koma, ba ta iya mayar da gurbin abin da aka kwashe, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana kamun su da gangan a ruwayenta na Atilantika tun 2010. Ƙarar da al'umma guda daga cikin halittun Allah saboda laushin kumatu, alhali ga madadi a zaitun da rake, wannan shi ne ainihin israfi da ɓarna a bayan ƙasa, waɗanda aka hana wanda aka ɗora wa halifanci.

A nan ne kuma ya wajaba a yi hattara da wani ruɗu da 'yan kasuwa ke yaɗawa, wai duk abin da ya fito kai tsaye daga halitta shi ne nagari, wanda hannun mutum ya sarrafa kuwa abin zargi ne. In da haka ne, da man shak ya fi na rake falala, tun da shi ne ya fi kusa da yadda aka halicce shi, alhali shi ne ya fi ɓarna. Gubar maciji daga halitta take, sabulu da allurar rigakafi kuwa sarrafawa ce. Hikimar da mutum ya sarrafa yis da ita ma baiwa ce daga Wanda ya halicci yis ɗin.

Haka nan kada a ɗauka duk man itatuwa ya kuɓuta daga hisabi. Mu da hunturu ke fasa wa leɓe da dunduniya, mun san man kaɗanya tun kaka da kakanni, mun kuma san wahalar da ke cikinsa: mace ta fita da sassafe cikin raɓar damina ta tsinto 'ya'yan, ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya, ta niƙa, sa'an nan ta durƙusa tana cuɗa ƙullin da ruwa har kafaɗunta su yi tsami kafin farin mai ya taso. Idan aka saye shi a hannunta da kuɗin da bai kai guminta ba, aka zuba a kwalba mai ado aka sayar a Faris da ninkin-ba-ninkin, ko aka sare kaɗanyar da ke shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya aka ƙona ta gawayi, to, zalunci ya shiga man, ko da babu jinin dabba a cikinsa.

Abin da ya bayyana dai shi ne, halasci ƙofa ce ta farko, tsantseni kuwa yana gaba da ita. Ba a ɗora wa mai saye binciken da ya fi ƙarfinsa ba, domin ba a kallafa wa rai sai abin da zai iya. Amma duba jikin kwalba a ga ko an rubuta zaitun ko rake, da tambayar mai kanti in ba a rubuta ba, da biyan mai man kaɗanya haƙƙinta ba tare da tayin wulaƙanci ba, duk waɗannan suna cikin ikon kowa. Wanda aka ba shi zaɓi tsakanin abu biyu masu amfani ɗaya, ya kuma san wanne ya fi cuta, sa'an nan ya ɗauke shi don arha ko don ko-in-kula, ba shi da uzurin jahilci ranar da za a tambaye shi game da ni'ima. Allah ne Mafi sani.